Sunan 'Yar Fari

"Riga fa nake gaya muku, har da hannuwa," in ji Inna Lami, tana miƙa wa maƙwabciyarta Hasana sabulu daga ragowar tsarabar Amurka. "Kare da rigar sanyi. Kuma in ya tsuguna ya yi abinsa a bakin hanya, mai shi ne zai sunkuya da leda ya kwashe. Dattijo guda, da furfurarsa."

Matan da ke zaune a tabarma suka kwashe da dariya. Tun da Inna Lami ta dawo Daura tsakar gidanta bai huta ba. Wasu sun zo sannu da zuwa har sau uku, kuma kowa ya san ba sabulu ke kawo su ba, labari ne. Ita ma ba ta rowarsa. Mace ce mai baki, wadda in ta ɗauko zance sai tuwo ya ƙone a kan murhu.

"To su gidajen nasu fa?" Hasana ta tambaya.

"Ba katanga. Ko ɗaya. Gida tsirara a bakin titi, amma sai ki wuni ba ki ga mutum ba. Ga ciyawa shar a ƙofar kowa, suna ba ta ruwa kamar alayyafo. Ranar Asabar maigida ya fito da inji ya aske ta, ya zuba a buhu, mota ta zo ta kwashe. Na ce da 'Yar Baure, ina awakin? Ta ce babu. Wallahi ranar ban ci abinci da daɗi ba, ina ta tuna akuyata da ke nan tana cin kwali."

Ta ba su labarin kabewa, manya-manya, da ake fafewa a yi musu ido da baki a jera a ƙofar gida har su ruɓe, ba wanda ya yi miyar taushe da ko ɗaya. Ta ba su na ruwan ƙanƙara da ake kawo wa mutum a gidan abinci alhali haƙoransa na kaɗawa don sanyi, da na tsofaffin da ke gudu da sassafe ba mai bin su. Ta ce mutanen can akwai fara'a, kowa ka haɗa ido da shi sai ya yi maka murmushi, amma kafin ka tambaye shi iyali ya kai ƙarshen layi.

Tana magana tana duban inuwar katanga. Ta kusa komawa gindinta, azahar ta matso. In an yi sallar azahar a Daura, can gari ya waye ke nan, kuma da wayewar garin yau za a shiga da 'yarta ɗakin tiyata a cire mata ƙari a mama. Ba ta gaya wa matan ba. Takardar zamanta ce ta ƙare ta dawo dole, ta baro yarinyar da ciwo a jiki.

'Yar Baure ita ce Firdausi, 'yarta ta fari, ma'aikaciyar jinya a wani gari da Inna Lami har yau ba ta iya faɗin sunansa daidai ba. Shekarunta arba'in da 'yan kai, kuma a duk tsawonsu uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ba ƙiyayya ba ce, haka aka tarar. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da ita. Ana yaye ta kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa Baure, can ta girma, can ta yi makaranta. In ta zo hutu sai Inna Lami ta tura ƙannenta da kwanon abinci, ta zaɓa mata tsokar da ta fi kyau, ita kuma ta tsaya bayan ƙofa tana leƙen yadda take ci.

"Su fa ba su san kunya ba," ta ci gaba, don kada a ga ta yi shiru. "Yaro ya kira sa'an kakansa da sunansa gatsal. Miji da mata su riƙe hannu a kasuwa. In za su ajiye waya kuwa sai sun ce ina son ka, ina son ki, kamar wanda zai tafi yaƙi, alhali shago za shi sayen burodi."

Aka sake dariya, amma ita wannan karon ba ta yi ba. Akwai labarin da ba ta taɓa ba kowa ba.

Wani yammaci ne a kicin ɗin 'yarta, tana tuƙa musu tuwon shinkafa. Jikarta Ikilima, 'yar shekara bakwai, ta tsaya tana kallonta, sannan ta yi wata magana da Turanci. Firdausi ta daka mata tsawa. Inna Lami ta nace sai an fassara mata, don ta ga fuskar uwar ta canza.

"Cewa ta yi, wai me ya sa ba kya so na," in ji Firdausi, tana 'yar dariyar da ba ta kai ido ba. "Wai tana ji kina kiran sunan kowa a gidan nan, har na kyanwar maƙwabta kin iya, ban da nawa."

"Ba ki gaya mata al'ada ba ce?"

"Na gaya mata, Inna."

Ta juya tana wanke kofin da ya riga ya wanku. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ni ma da ina Baure na sha tambayar Kaka haka. Na gane yanzu. Sai dai wani lokaci ina so in ji yadda yake fita a bakinki, shi ke nan."

Inna Lami ta ci gaba da tuƙi kamar ba ta ji ba. Ranar da aka raka ta filin jirgi Firdausi ta rungume ta a gaban jama'a, irin ta mutanen can, ita kuwa ta tsaya ƙiƙam, hannuwanta a gefe, ta ce Allah ya ba da lafiya. Abin nan ya bi ta har cikin jirgi, ya sauka da ita a Kano, ya shigo mota da ita har Daura. Kullum in ta kwanta sai ta ji nauyin kan yarinyar a kafaɗarta.

Da aka kira salla matan suka watse. Ta yi alwala ta yi sallarta, ta daɗe a sujada. Sannan ta yafa mayafi, ta ɗauki wayar da aka saya mata a can, ta nufi bakin titi. A cikin gidanta wayar ba ta kama hoto, sai a shagon Maman Ada.

Sunanta na gaskiya Akueze, Inyamura ce mai sayar da kayan masarufi kusa da shagon mijinta na kayan gyaran babur. Ta fi shekara talatin a unguwar, Hausarta har da karin Daurawa. Ita ta riƙe Inna Lami ranar da Malam Dabo, mijin Inna Lamin, ya rasu, kuma ita kaɗai ta san abin da za a yi yau.

"Hajiya, shigo daga ciki, na share miki benci," in ji Akueze. "Na sa ta a addu'a da safe a coci. Kin ci wani abu?"

"Ba ya shiga."

"To ki sha ruwa ko kaɗan ne."

Inna Lami ta zauna tsakanin buhunan sukari da katan-katan na taliya. Ta juya wayar a hannunta, ta sake juyawa.

"Maman Ada, ke ba kya jin nauyi? Kowa na kiran ki da sunan 'yarki ta fari, ke ma kina ƙwala mata kira a tsakiyar titi."

Akueze ta yi dariya. "Nauyin me? Mu a wurinmu ita ce abin taƙama. Ranar da aka fara ce mini Maman Ada har rawa na taka." Ta dube ta da kyau, dariyar ta tsaya. "Abin da ke cin ki ke nan?"

"Ta ce tana so ta ji shi a bakina."

"To ki faɗa mana."

"Ke ba za ki gane ba. Na gwada a ɗaki ni kaɗai, harshena ya ƙi. Uwata ba ta kira na yayana ba har ta koma ga Allah. In na faɗa sai in ga kamar na tuɓe zane a kasuwa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kuma ina tsoro. Kada in kira ta yau ta ɗauka sallama nake yi da ita."

Akueze ta miƙe. Ta auna wa wani mutum shinkafa mudu biyu, ta dawo ta zauna a gefenta.

Wayar ta yi ƙara. Akueze ta danna mata, fuskar Nu'uman mijin Firdausi ta cika gilashin. Ya gaishe ta a ladabce, ta amsa tana kawar da kai kamar yadda ake yi da suruki. Sannan ya juya wayar.

Firdausi na kwance a gado fari, an sa mata wata hula kamar ta leda, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Ta rame. A hular nan sai ta koma wa Inna Lami yarinyar da ake saukewa daga motar Baure ranar hutu, da ƙullin kayanta a ka.

"Inna, ina wuni? Ko in ce ina kwana, mu nan safiya ce."

"Lafiya lau. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Yanzu za su zo."

"Allah ya sa a yi a sa'a. Allah ya tashi kafaɗunki. Yaran sun tafi makaranta?"

"Sun tafi."

"Ana sanyi?"

"Ana yi, Inna."

Haka ta yi ta zagaye. Ta tambayi sanyi, ta tambayi maƙwabcin nan mai kare, ta ba da labarin akuya ta haihu. Firdausi na amsawa tana murmushi, irin murmushin wanda ya riga ya haƙura. Wata Baturiya cikin shuɗin kaya ta shigo hoton, ta dafa kafaɗar Firdausi tana yi mata magana a hankali, har tana shafa mata hannu. Inna Lami ta ji kishi ya soke ta. Baƙuwa, wadda ba ta san ranar da aka haife ta ba, ita ke shafa mata hannu.

"Inna, za mu tafi. Ki yafe mini."

Gadon ya fara motsi. Fitilun silin suka fara wucewa. A shagon akwai mata biyu masu jiran canji, ga suruki riƙe da waya, ga Akueze. Inna Lami ta kama bencin da hannu ɗaya.

"Firdausi."

Ƙasa-ƙasa sunan ya fito, kamar muryar wata. Ta sake cewa, da ƙarfi wannan karon, "Firdausi, ki dawo mini."

Hoton ya tsaya cak. Rabin fuska, rabin filo. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a tsakiya, sannan gilashin ya yi baƙi.

"Ta ji?" Inna Lami ta juyo wurin Akueze. "Maman Ada, ta ji kuwa?"

Akueze ta karɓi wayar ta fita bakin titi tana ɗaga ta sama. Ta kira, ta ƙi shiga. Ta sake kira. Matan nan biyu suka karɓi canjinsu suka fita sum-sum, ba wadda ta dubi Inna Lami. An daɗe kafin kiran Nu'uman ya shigo, murya kaɗai ba hoto.

"Inna, sun shiga da ita. Sun ce zai ɗauki awanni."

"Baban Ikilima, ta ce wani abu?"

"A bakin ƙofa ta riƙe hannuna. Ta ce wai kamar ta ji kin kira ta, ko kunnenta ne. Ni kuma maganar ta yanke mini, ban ji ba. Na ce mata ban sani ba, Inna. Ban so in yi mata ƙarya."

Inna Lami ta rufe ido. Hawaye suka zubo, ba ta tare su ba, ba ta kuma ja mayafi ta rufe fuska ba.

"Ka ji abin da zan gaya maka. Da ta buɗe ido, kafin likita, kafin kai kanka ka ce mata sannu, ka sa mata wayar nan a kunne."

"To, Inna. Amma zai iya kaiwa dare a wurinku."

"Ina nan."

Akueze ta jona wayar a caji, ta kawo mata shayi da burodi, ta ce in an rufe shago ma benci na nan, ita ma tana nan. Rana ta karkata. Babura na wucewa, masu sayar da rake na kiran ciniki a tsallaken titi. Inna Lami ta yi la'asar a bayan kantar shagon a kan kwali, ta dawo mazauninta, wayar a cinyarta.

Wajen yamma Hasana ta shigo sayen magi. Ta yi turus da ta gan ta.

"Inna, ashe nan kike. Na leƙa gida ban same ki ba. Wa kike jira haka?"

Inna Lami ta ɗago kai. Ta buɗe baki za ta ce 'Yar Baure, kamar kullum, sai ta fasa.

"Firdausi nake jira," ta ce. "'Yata. An shiga da ita tiyata. Zauna ki taya ni."