Sababbin Wel Talatin da Takwas na Dokta Vigneau

Shekara goma sha tara Ghislaine Arseneau ta yi tana ɗaukar hoton manyan dabbobin teku da ake kira wel a mashigin Saint-Laurent, kafin a sallame ta a kakar 2005. Sabon shugaban tashar bincike ta ƙauyen L'Anse-à-Firmin, Dokta Normand Vigneau, ya rubuta mata cewa daga yanzu kwamfuta ce za ta riƙa tantance hotuna, kuma hotunan mallakar tasha ne. Da ta je kwashe kayanta ta tambaye shi yadda za a yi da littattafan da take rubutu a ciki idan tana kan ruwa, sai ya ce ta tafi da su, sun cika masa kanta kuma ƙarnin kifi suke yi.

Aikin nata na haƙuri ne. Kowane shuɗin wel yana da dabbare-dabbare a fatarsa da ba ya kama da na wani, kuma na gefen dama daban yake da na hagu. Sai a bi dabbar da ƙaramin jirgi, a jira ta taso shan iska, a ɗauki gefe ɗaya, a zagaya a ɗauki ɗayan. Idan an tabbatar ba a taɓa ganinta ba, a ba ta lamba a kundi. Haka Ghislaine ta tara wel ɗari uku da arba'in, cikin ƙananan hotunan fim dubu goma sha ɗaya, kowanne a firam ɗinsa na kwali. Ba ta da digirin dokta. Kundin ne kaɗai abin da za ta nuna, kuma abin da take so shi ne sunanta ya kasance a kansa.

A watan Maris Ovila Chiasson, tsohon da ya tuƙa mata jirgi duk shekarun nan, ya shigo kicin ɗinta da kwafin rahoton da Vigneau ke shiryawa. Ya ajiye kusa da tukunyar miyar wake, ya ce ya tsince shi ne a ofis, kuma idan an tambaya bai san karatu ba. Sunan Vigneau ne kaɗai a bangon. Ta buɗe shafin godiya, ta ga an gode wa "ma'aikatan da suka taimaka a jirgi".

Babban labarin rahoton shi ne kwamfuta ta gano sababbin wel talatin da takwas a tsofaffin hotuna, waɗanda idon mutum ya tsallake. Ghislaine ta duba shekarun hotunan: 1994, 1995, 1996. Ta rufe rahoton, ta zuba wa Ovila miya.

A waɗannan shekaru uku, shagon da ke wanke musu fim ya riƙa saka shi a kwali a juye. Ita da ta lura, sai ta riƙa ɗiga jan biro a kusurwar kowane irin wannan kwali, don ta tuna ta juya shi kafin ta ɗaga wa haske. Ma'anar ɗigon tana cikin littattafanta. Kamfanin da Vigneau ya ba aikin loda hotuna a kwamfuta ya loda su yadda ya same su. Gefen hagu na tsohon wel, idan aka juya shi, sai ya fito kamar gefen dama na wani da ba a sani ba.

Da ta yi masa bayani, Ovila ya ce ta buga wa Vigneau waya. Ya tuna mata cewa a watan Yuli kwamitin gwamnati zai zauna a birnin Rimouski kan ko manyan jiragen kaya za su ci gaba da rage gudu a mashigin don kada su riƙa buge wel, kuma masu jiragen ba abin da suke jira sai a ce wel sun ƙaru.

"'Yar nan, ki gaya masa ya gyara. Ki zage shi idan kina so, ni ma zan taya ki."

"Zan gaya masa, Kawu. A Rimouski."

Ya ce mahaifinta ma haka yake, ya yi shekara shida bai gaisa da maƙwabcinsa ba a kan raga ɗaya. Ta ce ai ragar ta mahaifinta ce.

A watan Mayu Vigneau ya kira ta da kansa. Wani daga cikin masu duba rahoton ya tambayi wa ya ɗauki hotunan, don haka ya yanke shawarar sa sunanta na biyu, bayan nasa. Ya yi maganar da muryar mai ba da kyauta. Abin da Ghislaine ta nema tun kakar bara ke nan, amma a kan rahoton da ta san bai da tushe. Ta ce ya bar sunansa shi kaɗai, tunda shi ya gano su. Ya ce girman kai ba zai kai ta ko'ina ba. Ta yi masa fatan alheri.

Zaman kwamitin ya kasance ranar Talata da safe a zauren wani otal. Vigneau ya yi minti arba'in yana bayani, lauyan masu jiragen yana gyaɗa kai. Bayansa aka ba jama'ar gari minti biyar-biyar. Ghislaine ce ta huɗu, bayan wani mai kamun ƙaguwa da ya yi ƙorafi kan wani abu daban.

Ta roƙi a sake haska hoton shafi na goma sha huɗu, sabon wel mai lamba 352. A ƙasan hoton ana ganin hannun matuƙi a bakin jirgi, hannun dama mai yatsu uku. Ta ce matuƙin yana cikin zauren, ta nemi ya ɗaga hannuwansa. Ovila ya miƙe a hankali daga kujerar baya ya ɗaga. Injin jan raga ya cinye masa yatsu biyu tun yana saurayi, kuma a hannun hagu ne.

"Ko dai hoton a juye yake," in ji Ovila, "ko kuma ni aka juya ban sani ba."

Aka yi dariya. Ghislaine ba ta yi ba. Ta sa mai haska hotuna ya juya hoton, ta miƙa masa wani daga aljihunta ya jera su. Dabbare-dabbaren suka zo ɗaya. Ta ce wannan ita ce lamba 61, wadda suke kira Philomène, sunan surukar Ovila, saboda girmanta, kuma tun 1988 suke ganinta. Ta ce sauran talatin da bakwai ɗin ma haka suke, tana da jerinsu, kowanne da tsohuwar lambarsa.

Vigneau ya tashi ba tare da an ba shi izini ba. Ya ce wannan sakaci ne na wadda ta ajiye hotunan, domin ba a rubuta maganar juyawa a ko'ina ba.

"An rubuta, Dokta. A littattafan da ka ce suna ƙarnin kifi."

Shugabar kwamitin ta tambaye ta tun yaushe ta san da kuskuren. Ta ce tun Maris. Shugabar ta tambaya ko ta sanar da tasha. Ta ce a'a. Aka rubuta amsar.

Kwamitin ya jingine rahoton, ya kuma ce ba zai dogara da kundin gaba ɗaya ba sai an sake tantance shi. An bar dokar rage gudu ta ci gaba da aiki na shekara ɗaya kawai, kafin a sake zama. Jaridar yankin ta buga hoton hannuwan Ovila, ta kuma ambaci cewa Madam Arseneau ta riƙe maganar wata huɗu. Wasu abokan aikinta na da sun daina amsa wasiƙunta. Ovila kansa ya yi mako uku bai leƙo kicin ɗinta ba.

Vigneau ya ajiye aiki a watan Satumba. Hukumar tashar ta nemi Ghislaine ta dawo ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, domin ba wani da zai iya kafin zama na gaba. Ta yi hunturu guda a kai. Sabon kundin ya fito da sunanta a bango, na Ovila a ƙarƙashi.

Kafin a kai shi wurin bugu, shugaban hukumar ya roƙe ta abu ɗaya. Lambobi 341 zuwa 378, waɗanda Vigneau ya raba wa wel ɗinsa, a ba wa sababbin da za a gani nan gaba, maganar ta wuce. Mutumin ya riga ya rasa kujerarsa, in ji shi, kuma yana neman aikin koyarwa a wani gari. Ghislaine ta ce a ƙa'idar kundi ba a maimaita lamba, ko da dabbar ta mutu. Ya ce ai waɗannan ba su taɓa rayuwa ba. Ta ce ƙa'ida ba ta bambanta ba.

Don haka a kundin, daga 340 sai 379. A tsakani akwai layi ɗaya da ƙananan haruffa: lambobin da N. Vigneau ya bayar a 2006, babu dabba a kansu. Duk mai binciken da ya buɗe kundin yakan tsaya a wurin ya tambayi wane ne N. Vigneau, kuma Ghislaine takan ajiye abin da take yi ta ba shi amsa dalla-dalla.