Zanen da Ke Bayan Asun

Tun da Lutfi ya rufe kantin maganinsa a Kairawan ta ƙasar Tunisiya, ba shi da aiki sai duban asu. Daga Safakis har Jarba mutane ke turo masa hoton ɗan ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sai ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya yi ta buɗawa har komai ya ɓace sai fiffike da gashin kai, sannan ya faɗi sunansa. Kuma wallahi ba ya kuskure. Baki ne kawai ya ɓata shi.

Ran nan bayan la'asar, ƙanwarsa Wasila ta saka hoto a zauren dangi na waya. "Yaya, mene ne wannan?"

Ya buɗa. Kai ja-ja mai gashi, fiffike ruwan zinariya ba ɗigo. Ko littafi bai taɓa ba.

"Asun ulu ne," ya rubuta. "In kin ga uwar, tsutsa ta riga ta gama ɓarna. Sai a gidan ƙazamai ake samunsa, waɗanda ba sa shanya shimfiɗa a rana in bazara ta zo. Ki ce wa mai shi ya ji kunya."



"Yaya, mayar da hoton yadda yake," in ji Wasila.

Ya matse yatsu. Asun ya ƙanƙance, sai ga jan ulu, sai ga baƙin zane mai kusurwa, sai ga gefen nan da saƙa ta karkace lokacin da idon Mama ya fara rauni. Dardumarta ta ƙarshe ce. Ranar rabon kaya bayan rasuwarta, a kanta ya ɗaga wa Wasila murya a gaban kowa, wai 'ya'yanta za su lalata ta. Ya naɗe dardumar, ya kulle a ɗakin sama na tsohon gidansu, bai sake leƙawa ba.

Kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka ɗau zafi. Ya kira ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Wasila, yaya aka yi kika shiga?"

"Rufin ke yoyo, na sa aka ɓalle ƙofar."

"Ya ci da yawa?"



"Da na ɗaga ta, tsakiyar ta zauna a ƙasa. Gefen nan kaɗai ya rage, Yaya. In kawo maka, tunda taka ce?"