Turancin Kaka Hulda

Akuya ce kaɗai ke sauraron Turancin Hulda, ita ma ba don Allah ba, sai don ɓawon rogo. Tsohuwar na zaune a tsakar gida da wuƙa a hannu, tana tsaga citta tana jefawa kan buhun da ta shimfiɗa a rana. Kowace tsaga da kalmarta.

“So dat,” in ji ta. Ta jefa. “So dat.”

Gidan yana bayan layin dogo a Kafanchan, ɗakuna a jere, amma ƙofa ɗaya ake buɗewa. Mijinta ya rasu. Ɗanta Nelson yana aiki a Fatakwal, can ya yi aure, can aka haifa masa 'ya mai suna Peculiar. Kowace Lahadi bayan sujada yakan kira, ya miƙa wa yarinyar waya. Takan zuba wata magana mai zaƙi kamar kukan tsuntsu, Hulda ta ce “Fain,” daga nan sai su yi ta jin numfashin juna har uban ya karɓi wayarsa.

Da damina ta ja baya, Hulda ta ce masa, “In kun zo Kirsimeti, ka bar mini ita ta kwana biyu. Ka aiko a ɗauke ta bayan sabuwar shekara.”

“Mama, ba ta jin Hausa, ba ta jin yarenmu. Yaya za ku yi?”

“In na iya bakinta fa?”

Ya yi dariya irin ta yaron da ya manta wa ya yi masa wanka. “In kin iya, ita kuma ta yarda, shi ke nan.”

To, Hulda ba macen da ake yi wa dariya a wuce ba ce. A makon nan ta ɗaura ɗankwali ta nufi ɗakin da ke bayan majami'a, inda Malam Meshak, tsohon hedimasta, yake koya wa matan kasuwa Turanci da yamma. Ba ta riƙe fensir ba, ba ta ma nema ba. Da ka ta ce za ta ɗauka, yadda ta ɗauki waƙoƙin zumuntar mata.

A ajin nan ba a magana a hankali. Malam ya faɗa, mata su amsa gaba ɗaya da ƙarfi har kwanon rufi ya ɗauka, domin a cewarsa kalmar da aka faɗa da tsoro ba ta zama a kai.

Wata rana ya raba allo biyu da alli.

“Bature ba ya barin magana tsirara,” ya ce. “In zai yi abu, sai ya faɗi abin da yake nufi da shi. Nan ne yake cewa so that. Na yi sammako domin in sami mota. In kuwa abu ya riga ya faru, sai ya faɗi abin da ya jawo. Nan so kawai zai ce. Na makara, saboda haka mota ta tafi. Ɗaya niyya, ɗaya sakamako. Kun gane?”

Tamar mai sayar da manja ta ɗaga hannu. “Malam, na auri Ishmael domin in huta. Yau ni ke ciyar da shi da ƙannensa. Wane gefe za ka sa ni?”

“Ke a kan layin allin za ki zauna,” in ji Malam, ɗakin ya kwashe da dariya.

Hulda ba ta yi dariya ba. “A gidanmu babba ba ya gaya wa yaro dalili,” ta ce. “A ce masa kada ya yi, magana ta ƙare.”

“Wannan da ne, Mama. Yaran yanzu sai da dalili. In kin ba jikarki dalili, za ta ji ki.”

Maganar ta shige ta. Daga ranar, in an tashi daga aji takan tsaya, ta lissafa masa abin da take so ta gaya wa yarinyar, shi kuma ya juya mata da Turanci. Sa takalmi domin kada kunama ta harbe ki. Kada ki leƙa rijiya domin kada ki faɗa. Kada ki taɓa citta ki shafa ido. Kada ki hau layin dogo. Kada ki bi 'yan babur.

“Mama, ba wata magana kuma?” ya tambaye ta wata yamma yana goge allo. “Ɗan labari, ko wasa?”

“Ka fara ba ni abin da zai tsare ranta. Wasa in ta zauna.”

Ya ci gaba da goge allonsa. Kowa a majami'ar ya san Hulda ta binne yara kafin Nelson, kuma da “kada” ta raine shi har ya yi gemu. Wanda bai taɓa binne ɗa ba ne yake ganin wannan kalma da ɗaci.

Ana gobe Kirsimeti suka iso. Yarinyar ce ta fara fitowa daga mota, siririya, gashinta cike da duwatsun ado masu kacau-kacau. Ta sheƙo da gudu ta rungume Hulda a ƙugu. Tsohuwar ba ta saba a tare ta haka ba, sai ta tsaya ƙiƙam, hannayenta a sama, tana tsoron yajin citta da ke tafinta.

Ba a jima ba Peculiar ta tuɓe takalmi, ta bi kaji da gudu. Hulda ta miƙe, ta cika ƙirji, ta saki jimlarta ta farko, ta takalmi da kunama. Ta fito cif, ba tuntuɓe, kuma da irin muryar da aka koye ta a aji. Kajin ma sai da suka watse.

Nelson ya tafa hannu. “Kai! Mama ta zama Baturiya!”

Yarinyar ta koma ta sa takalminta.

Haka aka yi a bakin rijiya. Haka aka yi wajen shanyar citta. Da ta leƙa ƙofar gida don ganin yaran unguwa masu kiɗan gwangwani, Turancin layin dogo da na 'yan babur suka same ta a tare. Kafin a sauko daga sujadar Kirsimeti, Peculiar ta daina gudu. Ta zauna kusa da uwarta, hannaye a kan gwiwa, ta ci faten acca kaɗan ta ajiye cokali.

Hulda ta dube ta, zuciyarta ta yi fari. “Ka gani?” ta ce wa ɗanta. “Duk abin da na faɗa tana ji.”

“Tana ji, Mama,” ya ce, bai ɗago kai ba.

Washegari da safe aka ɗora kaya. Hulda ta sa an cusa buhun acca da busasshiyar citta a bayan mota, sannan ta tsaya ta harɗe hannu. “To, tambaye ta.”

Nelson ya durƙusa ya yi wa 'yarsa magana. Yarinyar ta kama zanen uwarta da hannu biyu. Ta amsa a hankali, idonta a ƙasa, ta ƙare da wata tambaya.

“Me ta ce?”

“Ta ce sai wani zuwan.”

“Ni na haife ka, Nelson. Maganarta ta fi haka tsawo.”

Ya sosa ƙeya. “Ta ce wai me ta yi miki kike fushi da ita tun da ta zo.”

Hulda ta buɗe baki. Ta lalubi duk abin da ta tara tun ƙarshen damina, ta juya shi sama da ƙasa. Takalmi, rijiya, ido, babur. Babu ko ɗaya da zai amsa wannan tambaya. Sai ta koma yarensu, wanda ba ta yin tuntuɓe a cikinsa.

“Gaya mata ban yi fushi ba. Gaya mata saboda ita na zauna a benci da tsufana ana yi mini dariya. Gaya mata tun da kakanta ya kwanta dama ba wanda ya sa hannu a kwano ɗaya da ni. In ta zauna, ba zan ƙara ɗaga murya ba. Ta yi ta gudunta, ni zan bi ta a baya.”

Nelson bai taɓa jin uwarsa ta yi irin wannan magana ba. Ya dubi ƙasa, ya dubi matarsa da ta riga ta buɗe ƙofar mota, ya dubi agogo. Hanya da nisa. Ya juya ga yarinyar ya faɗi 'yan kalmomi gajeru, yana murmushi.

Hulda ta ji su sarai, ɗaya bayan ɗaya. Cewa ya yi, Kaka ta ce a sauka lafiya.

Da a bara ne, da ta koma ciki da sanyin rai, tana ganin an isar mata da saƙo. Ta dubi ɗanta, shi kuma ya shiga neman makulli a aljihun da ba ya ciki.

Peculiar ta ɗaga hannu ta tagar mota, ta yi godiya cikin ladabi, kamar yadda ake yi wa baƙo. Hulda ta tsaya har motar ta sha kwanar kasuwa. Sannan ta shiga ɗaki ta naɗe ƙaramar katifar da ta aro wa yarinyar a wurin Tamar, ta ɗaure ta da igiya, ta ɗora a ka.