Salula a Cikin Rumbu

A shekarar yunwa ta 2005, ɗana Hafizu ya samu aikin tsaron sito a wani furoje, wato shirin agaji, mai rabon hatsi a Maraɗi. Suka ba shi makulli da salula. Mun yi murna. Kafin wata huɗu, wuyansa ya zama kamar na zabuwa.

Wayar ba ta barinsa ya gama loma. Direbobi, masu gari, shugabansa daga Yamai, kowa shi yake nema. Ko salla yake yi, sai in ga hannunsa ya zarce aljihu, alhali ba ta yi ƙara ba. Likita ya ce jininsa ya hau, ya huta kwana uku. Yaron da bai kai talatin ba!

Ran Asabar ya zo mana Tsibiri. Da ya shiga wanka, na ɗauke ta daga rigarsa. Ban san inda ake kashe ta ba, sai na naɗe ta cikin buhu na jefa rumbu, tunda a shekarar ba abin da ke ciki.

"Baba, ba ka ga wayata ba?"

"Ka baro ta Maraɗi, mai yiwuwa. Kwanta."

Ya yi ta lalube, har gajiya ta kayar da shi kan tabarma. Tun hantsi yake barci. Uwarsa Tsahara ta hana ko kaza wucewa ta wurin.

Bayan la'asar sai ga Idirisa, direban furojen, a kan kabu-kabu, ido jajir.

"Baba, ina Hafizu? Mata sun fi ɗari a Jiratawa tun safe cikin rana, da goyo, suna jiran hatsi. Makullin sito na wurinsa!"

Na hau rumbu da kaina na ɗauko ta, tana ta kuka cikin buhu.

Hafizu ya karɓa, bai dube ni ba. Ya sa takalmi. Na ce, "Ni na yi. Tsoro nake ji kada in binne ka."

Ya sa hannu a aljihu. Sannan ya ciro makullin ya miƙa wa Idirisa.

"Daga yau, Asabar da Lahadi yana hannunka. Zan gaya wa shugaba, in ya ƙi ya nemi wani." Ya juyo gare ni. "Mu je ka taya mu awo, Baba. Matan nan da kai za su yi faɗa, ba da ni ba."

Na ɗauki hulata.