Ranar da Muka Hargitsa Ɗakin Baba Tela

Shekara shida ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, in share, in wanke, in dafa, in tuna musu shan magani. Amma ban taɓa haɗuwa da wanda ya mayar da ni baƙuwa ba sai Baba tela.

Shi kaɗai yake zaune a gidansa mai ɗaki biyu tun rasuwar matarsa. Babbar 'yarsa ta so ɗauke shi zuwa gidanta, ya ce sai dai a fita da gawarsa. Aka yi ta ja har aka tsaya a kan sharaɗi: zai zauna, muddin ofishinmu yana turo masa mai taimako sau uku a mako. Ni ce mai taimakon, wai.

Duk ranar zuwana, kafin in iso ya share tsakar gida, ya wanke kwanuka, ya ɗora shayi. Ina kai hannu kan tsintsiya sai ya fizge.

"Zauna, 'yata. A ina aka taɓa ba baƙo tsintsiya?"

"Baba, aiki aka turo ni."

"To ga aiki nan, sha shayi."

Wata uku muna haka, har kayana suka fara matse ni. Abu biyu kawai yake bari in yi. Ina shigowa zai ce in ɓalla masa maɓallan riga, wai bai ga inda ya ajiye tabarau ba. In zan tafi kuma in zura masa zare a allura goma, in soke su a jikin wata tsohuwar hula. Ban ɗauki wannan a bakin aiki ba. Shi ya sa da aka ba mu takardar rahoto, na bi layi-layi ina rubuta "ba ya buƙata". Gaskiyata ce ta ja mana.

Shugabarmu ta kira ni ta ce ranar Alhamis za ta zo ta gani da idonta. In ba ya buƙatar komai, a cire shi a ba wani gurbin. Na faɗa wa Baba. Ya san 'yarsa har ta yi wa ɗakin da ta ware masa fenti.

"To yanzu ya za a yi?"

"Ka gaza, Baba. Amma kaɗan. In ka gaza da yawa, nan ma ɗauke ka za a yi."

Ranar Alhamis na yi sammako don mu hargitsa gida. Nan na gane mutumin nan bai iya ƙazanta ba. Na ce ya watsar da kaya a ƙasa, sai ya ninke su ɗaya bayan ɗaya ya jera daga ƙofa zuwa gado. Na ce ba haka ake yi ba, ya yi zuciya, ya ɗauki takalminsa ya sa a firiji.

"Baba, fito da shi. Cewa na yi ƙarfi ya ragu, ban ce hankali ya tafi ba."

Muka zuba ɗan shayi a kan tebur. Na juya baya, ya goge. Muka sake zubawa, na riƙe tsumman a hammatata. Muka gwada ɗingishi har sau huɗu, muka tsayar a kan ƙafar hagu.

Shugaba ta iso da jaka da biro. Baba ya tarbe ta yana ɗingisa hagu, ya kawo mata kujera yana ɗingisa dama. Na yi tari, ya rikice ya ɗingisa duka biyun. Ta tambaye shi ko yana iya sunkuyawa, ya ce rabonsa da ganin yatsun ƙafarsa tun bara. Yana rufe baki bironta ya faɗi. Kafin ya gama gangarawa Baba ya cafke shi, ya goge a riga, ya miƙa mata. Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta rufe takardarta. "Baba, ka fi ni lafiya."

Ta miƙe, sai ya hango hannun rigarta ya farke. Telan nan ya manta da komai.

"Ba za ki fita daga gidana haka ba. Miƙo."

Ya jawo hular, babu allura mai zare ko ɗaya, don a zuwana na baya zancen shugaba ya sa mun manta. Ya ɗauki allura, ya lashi bakin zare, ya kai. Hannun ya hau rawa. Ya sake kaiwa, zaren ya wuce gefe. Tabarau kuwa yana kan hancinsa. Sai a lokacin na lura gaban rigarsa a buɗe yake, yau ban ɓalla masa ba. Wata uku ina shan shayin mutum ban taɓa kallon hannunsa ba. Kunya ta kama ni, da tausayi.

Shugaba ta koma ta zauna. "Baba, ranakun da ba ta zuwa, wa ke ɓalla maka riga?"



"Ba na cirewa," ya ce. "Jira nake ta dawo."

Na karɓi allurar na zura zaren, na ɓalla masa maɓallan tun daga ƙasa har wuya. Ya ɗinke mata hannun riga a hankali, ita kuma ta buɗe takardar da ɗaya hannun, ta soke "sau uku" ta rubuta "kullum".

Washegari na tarar ya share gida, shayi yana kan wuta. Ban kalli tsintsiya ba. Na ajiye jakata na ce, "Baba, matso, riga tukuna."