Taimama a Dutsen Pilat

Kontirar Chaibou a masana'antar Saint-Fons ta Faransa za ta ƙare ƙarshen wata, kuma sabunta ta na hannun shef ɗinsa na wurin aiki, Mushe Garnier. Mutumin nan ranakun aiki dattin masana'anta yake tura wa kogi, ran Lahadi kuma shi ne shugaban ƙungiyar kare duwatsun Ayar. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Agadez. Ya dawo da rawani.

Da ya ji Chaibou ɗan Nijar ne, sai ya rungume shi. "Ɗan duwatsu! Lahadi za ka hau dutsen Pilat tare da mu."

Chaibou ya buga wa wansa Hudu waya Paris.

"Kai, ɗan Maraɗi," in ji Hudu, "wane dutse ka sani ban da na niƙa?"

"Yaya, maganar aiki ce."

"To hau. In za ka faɗo, faɗo ta wajen gida."

Ran Lahadi Nasara suka zo da takalma kamar tayar tirakta, shi da takalmin Idi. Aka yi ta hawa. Ba kasuwa a sama, ba gidan gaisuwa, hawa dai kawai. Kafin azahar ya shanye ruwansa tas.

La'asar ta yi. Ya raɓe gefe, ga salla, ba ruwan alwala. Ya dafa tafukansa a kan wani falalen dutse, ya shafi fuska, ya shafi hannuwa. Da ya ɗago, sai ya ga an kewaye shi, an cire huluna.

"Regardez, ku duba," in ji Garnier da raɗa. "Yana gaida dutse. Haka kakanninsa ke yi."

Wata mata ta share hawaye. Aka ɗau hoto.

Chaibou ya miƙe tsaye. Shi, jikan liman, mai gaida dutse? Ya buɗe baki zai ce musu taimama ce, rashin ruwa ne kawai. Garnier ya dafa kafaɗarsa.

"Irinka ba a sakinsu. Gobe ka zo ofis ka sa hannu, shekara guda."

Ya rufe bakin.

Lahadin da ta biyo, Nasara suka jeru gaban falalen, hannun riga a naɗe, suna jiransa. Chaibou ya dube su. A ransa ya ce astagfirullah.

"A hankali, Mushe," ya ce. "Da fuska ake farawa."