Zagayen da Auta Bai Gama Ba

Takarda ta sake maƙalewa a cikin injin fotokwafi. Auta ya buɗe murfin gefe, ya zura yatsu biyu, ya jawo ta a hankali. Ta fito baƙa, a yamutse. Matar da ta kawo takardun makarantar 'yarta ta ja tsaki, ta dubi agogo.

"Yi haƙuri, Anti," ya ce.

Wayarsa na kife a kan kwalin takardu. Ko bai juya ta ba ya san abin da ke kan allon: birni ɗaya, kogi a bayansa, jajayen tutoci ta kowace kusurwa.

Wasan kafa daula ne. Yayansa ya fara shi, shi ya tara su a zaure ɗaya na waya, mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Daula ɗaya suke miƙa wa juna. Kowa ya karɓa sai ya yi mulkin shekarun da aka ɗibar masa, ya rubuta abin da ya faru kamar labari, ya tura zaure, sannan ya miƙa wa na gaba. Wasan ba ya tafiya da kansa. Sai ka gama shirinka ka danna maɓallin gama zagaye, sannan abokan gaba su yi nasu motsin.

Yanzu daular ta zo hannun Auta, kuma a mace ta zo. Wanda ya riga shi, wani ma'aikacin kantin magani da suke kira Farfesa, ya kwashe sojoji ya tafi cin ƙasar da ba ta tsokane shi ba. Sojojin ba su dawo ba. Garuruwa suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Saura Ƙofar Ruwa, birnin farko, wanda Yaya ya kafa da hannunsa tun hannun yana aiki. Auta ya juya abin ta kowace fuska. Da zarar ya danna maɓallin, birnin ya tafi.

"Sarkin yaƙi," in ji mai shago daga bayan tebur, "a bar talakawa su huta haka. Zo ka sa wa firinta tawada."

Ya je ya sa. Tawadar ta ɓata masa farce.

Da rana, da mutane suka ragu, ya zauna a bakin ƙofa ya buɗe zauren. Saƙonni sun taru.

"Auta, an ji shiru. Ko an cinye ka da wayar gaba ɗaya?"

"Ni ne fa na gaba. Me za a miƙo min, toka?"

Farfesa ya turo murya. "Ƙanena, danna kawai mu ga ƙarshe. Ni na yi ɓarnar, na sani, an zage ni har na ƙoshi. Ka rubuta mana faɗuwa mai daɗi, mu kafa sabuwa."

Wani kuma ya ce, "Wai ina Shugaba? Ko aure ya yi a ɓoye?"

Shugaba Yaya ke nan. Ba wanda ya san halin da yake ciki a zauren. Ya hana a faɗa. Ƙari ne likitoci suka gano a kansa, ya fara cinye masa hannun dama, ya taɓa ido ɗaya, yanzu har tunani yakan kufce masa. Gobe da safe za a shiga da shi tiyata. Da Umma ta tambayi likita ko zai fito, sai likitan ya gyara gilashinsa ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu.

Auta ya fara rubuta amsa, ya goge. Ya sake farawa, ya sake gogewa.

A saman zauren akwai tsohon saƙon murya da Yaya ya liƙa domin sababbin shiga. Auta ya san shi kamar sunansa, amma ya danna, ya kai wayar kunne. Muryar ta fito da ƙarfinta na da, har ana jin ƙarar janareton da yake gyarawa a baya.

"Jama'a, don Allah ku daina kawo mana lissafi. Wai sojoji dubu kaza sun mutu. To, ni ina ruwana da dubu? Ku nemo min mutum ɗaya. Mai gadin ƙofa da takalminsa ya tsinke, wannan shi zan yi wa kuka. Idan wasan ya yi shirme, sarkin maƙwabta ya kawo hari ba gaira ba dalili, kai ka nemo masa dalili, aikinka ke nan. Ka ce an raina masa suruki. Kuskurenka kuma kada ka ɓoye shi, shi ne naman labarin. Sannan babbar doka: ba komawa baya. Abin da ya faru ya faru. Mai komawa ya gyara ba marubuci ba ne, tela ne."

Dariyarsa ta biyo baya, sannan saƙon ya yanke.

Auta ya buɗe wurin rubutu. Ya rubuta: Rundunar gabas ta iso bakin kogi. Ya tsaya. Lissafi ne wannan ma, an dai cire lambobin. Ya goge. Wani mutum ya shigo da katin aiki yana so a yi masa kwafi gaba da baya, Auta ya tashi.

Bayan la'asar mai shago ya sallame shi ba tare da ya roƙa ba. "Ka gaishe shi," ya ce, idonsa na kan allon kwamfuta. "Ka ce masa janaretona na jiransa, ba na ba kowa."

A cikin bas ya tsaya a tsaye, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗayan a aljihu yana riƙe da wayar ta gefe, don kada cunkoso ya sa yatsansa ya taɓa allon. Ya san maɓallin ba ya dannuwa haka. Duk da haka bai saki ba har ya sauka.

A asibitin, ɗakin maza na hawa na biyu. Warin maganin goge ƙasa, fanka ɗaya mai ƙara, gadaje a jere. Umma na zaune a kan kujerar roba tana ninke tawul ɗin da ta riga ta ninke. An aske wa Yaya kai tas. Kunnuwansa sun fito, ya koma kamar hotonsa na firamare.

"Ga ɗan jarida," in ji Yaya. Maganar na fitowa ta gefe ɗaya na bakin. "Umma, ba shi kujera, yau akwai labarai."

"Ku da wannan wasan naku," ta ce. Ta tashi ta ɗauki fulas. "Bari in nemo ruwan zafi. Kada ka gajiyar min da shi."

Auta ya zauna.

"Ina birnina?"

"Yana nan."

"Karanta."

"Ban gama ba."

"To faɗa da baki."

Auta ya dubi ledar ruwan da ke rataye, ya dubi ƙasa. "An kewaye shi. Amma akwai taimako a hanya. Daga kudu."

"Kudu?" Yaya ya lumshe idon mai kyau. "Wa muke da shi a kudu? Kifaye? Ba ni in gani."

Ba yadda zai yi. Ya buɗe wasan, ya riƙe masa wayar kusa da fuska. Yaya ya daɗe yana kallo. Idon ya bi kogin, ya bi ganuwar, ya bi tutocin ɗaya bayan ɗaya. Mutumin gado na kusa yana tari, ana bubbuga masa baya.

"Farfesa ne?"

"Shi ne."

"Na ce kada a ba mai sayar da magani sojoji." Sannan ya rage murya, kamar 'yan zauren na ƙarƙashin gado. "Auta. Koma baya."

"Yaya?"

"Ka koma kafin ya kwashe su. Sau ɗaya. Ba wanda zai sani."

Ranar da aka kafa daular Auta na zaune a gefensa a kan katifa. Wasan ya tambaya ko a bar damar komawa baya, Yaya ya zaɓi a'a, har yana cewa ya rufe wa ragwaye ƙofa. Zaɓin ba ya canjuwa.

"Ba ya yi," ya ce.

"Kamar yaya ba ya yi?"

"A rufe yake. Tun farko."

"Wane mugu ne ya rufe?"

Yaya ya zuba masa ido, sannan a hankali rabin fuskarsa ya motsa. Dariya ce, ba sauti.

"Ni ne, ko?"

"Kai ne."

"Ashe haka nake." Ya mayar da kai kan filo. "Allah ya ba ku haƙuri da kuka zauna da ni."

Fanka ta ci gaba da ƙararta. Auta ya kife wayar a cinya. Ya so ya ce wani abu game da gobe, ya rasa ta inda zai kama. A gidansu ba a saba ba.

"Mai gadin nan," in ji Yaya, idonsa a rufi. "Mai tsinkakken takalmi. Yana nan?"

Babu shi a cikin wasan. Yaya ne ya ƙirƙire shi a babin farko, kowa ya karɓi daular sai ya sako shi. An aurar da shi, an kore shi daga aiki, an mayar da shi. Ba wanda ya taɓa saya masa takalmi.

"Yana nan."

"Me yake yi?"

"Yana kan ganuwa. Yana kallon tutocin. Yana jin tsoro."

"A'a. Sau nawa zan faɗa maka? Kada ka ce min yana jin tsoro. Faɗa min abin da hannunsa ke yi."

Auta ya sauke ido. Hannun hagu na Yaya ya kama bakin zanen gado, yana murɗa shi, yana saki, yana sake murɗawa.

"Yana murɗa bakin rigarsa," ya ce. "Ya saki, ya sake murɗawa. Bai san yana yi ba."

"Yauwa. Sai me?"

"Uwarsa ta je nemo ruwan zafi."

"A kan ganuwa?"

"Tana ta hawowa. Ta ce ba ruwanta da yaƙi."

"Uwar kowa haka take," in ji Yaya. "Ci gaba."

Ya ci gaba. Ya faɗi yadda rana ta yi sanyi a kan kogin, yadda mai gadin ya ɗaure takalmin da wayar ƙarfe, yadda wani kare ya tsallaka daga sansanin abokan gaba ya zo ya kwanta a gindin ƙofa, ba wanda ya kore shi. Ba abin da ya faru a labarin. Yaya ya gyara masa sau biyu, a na uku bai gyara ba.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo tana tafa hannu. "Masu ziyara, lokaci ya yi."

Auta ya miƙe. Yaya ya buɗe ido.

"Suna jiranka a zaure. Zagayenka ne. Sai ka danna."

"Ka ce ba komawa baya," in ji Auta. "Ba ka ce a yi sauri ba."

Yaya ya dube shi. Ya saki zanen.

A baranda Umma na tahowa da fulas. Ta tambaye shi ko ya ci wani abu, ya ce ya ci. Ta shige. Shi kuwa ya zauna a kan benci kusa da soket, ya ari caja a wurin wani dattijo mai jinyar ɗansa, ya jona.

Ya buɗe zauren. Sun ƙara wasu saƙonnin, har da hoton toka. Ya rubuta: Babina zai yi tsawo. Rana ɗaya ce a kan ganuwa, kuma ban san yaushe za ta faɗi ba. Wanda ke gaggawa ya yi haƙuri.

Ya tura. Sannan ya leƙa wasan sau ɗaya. Tutocin na nan inda suke, kogin na nan, ƙofar a rufe. Maɓallin na ta walƙiya a kusurwa.

Ya gyara riƙon wayar, ya mayar da babban yatsansa can gefe, ya fara rubutun daga takalmin.